Albasar da ba a miya da ita: abin da na rubuta kan tulif ɗina a Damagaram

21 ga Satumba, 2024

Jiya da la'asar ɗan ƙanwata ya iso daga Yamai, hutu ya kawo shi daga Faransa inda yake aiki. Cikin tsarabarsa har da abin da na yi shekara biyu ina damun sa a kai: ƴan jakunkunan raga huɗu, kowace da kawunan tulif goma, wato wani fure mai kai irin na albasa. Ya miƙo mini yana dariya, ya ce, "Kawu, ga albasarka. Da na gaya wa mai kantin ƙasar da za a kai ta, sai da ya sa na maimaita."

Waɗannan ba su ne manyan nan masu dogon wuya da ake gani jere a hotunan gonakin Holan ba. Wancan iri aure-aure ne na masu lambu, shekaru ɗaruruwa ana haɗa wannan da wancan. Nawa su ne na asali, na daji, yadda Allah Ya halicce su a kan duwatsu: gajeru, kawunansu daga kamar gyaɗa mai ɓawo zuwa kamar ƙaramin goro. Na dai ja kunnen yaron ya sayo waɗanda aka noma a gona, kada ya ɗauko waɗanda aka tono daga jeji, don tonon nan ya yi wa wasu iri illa a ƙasashensu. A jikin takardar an rubuta noman Holan ne.

Iri huɗu ne. Tulipa clusiana, mutuniyar Iran da Afganistan da Pakistan har gindin duwatsun Himalaya. Tulipa saxatilis, wadda aka fi sani da tsibirin Kirit na ƙasar Girka. Tulipa tarda daga duwatsun Tiyen Shan na tsakiyar Asiya. Sai Tulipa humilis ta tsaunukan Turkiyya da Iran. Biyun farko su na fi sa wa rai, domin an san su da haƙuri da ƙasashen da sanyinsu bai kai ya kawo ba.

Rayuwar wannan tsiro a gidansu tana tafiya ne haka: ya kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara watanni, ƙanƙara na narkewa ya fito da gudu, ya yi fure, ya tara abinci a kai, rani na shigowa ganye ya bushe ya koma barci a busasshiyar ƙasa. Lokacin furen nan nasu shi ake fassara mana da bazara, kuma duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida a watan Afrilu a Damagaram ya san sunan ne kawai ya zo ɗaya. Rairayi da rana da fari, waɗanda masu lambun Turai ke nema ido rufe, mu nan har sun yi mana yawa. Sanyi ne babu. Tulif na son ya yi mako 12 zuwa 16 cikin sanyin da bai haura digiri 9 ba, mu kuwa ko a tsakiyar hunturu da wuya asubahi ta sauka ƙasa da 12.

Saboda haka yau na zuba su a buhunan takarda, na rubuta sunan kowace, na sa a aljihun ƙasa na firigo. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 6. Na ware clusiana uku da saxatilis uku na bar su a ƙwarya ƙarƙashin gado, ba za su ga firigo ba. Tsohon malamin kimiyya ba ya gwaji ba tare da abin kwatantawa ba, ko da ya yi ritaya.

29 ga Satumba

An yi ƴar hayaniya. Na buɗe firigo na tarar da tumatir da ayaba a kan buhunana. Na kwashe, uwargida ta fito ta ce, "Malam, yanzu don albasar da ko miya ba a yi da ita za a kori cefanena?"

Gaskiyarta, amma ni ma da tawa. Ƴaƴan itace masu nuna suna fitar da wata iska da ido ba ya gani, etilin ake ce mata. Ita ce ke sa ɗanyen mangwaro ya nuna da wuri idan an rufe shi tare da nunanne, abin da kowace mai talla ta sani ba tare da ta shiga aji ba. Wannan iskar tana kashe furen da ke cikin kan tulif.

Don ta yarda da cewa akwai fure a ciki, na sadaukar da tarda ɗaya. Na tsaga ta biyu da reza daga sama zuwa ƙasa, na ba ta tabarau mai ƙara girman abu. A can tsakiya ga ƴan ganye a naɗe, ga toho ƙanƙane kamar ƙwayar shinkafa, da komai nasa. Tun a rumbun manomin Holan, cikin watannin zafinsu, aka gama ƙera shi. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ikon Allah. Ashe da cikinta ta zo." Ban taɓa jin wanda ya faɗi abin daidai kamar haka ba.

An yi sulhu: tumatir ya koma kwando, zoɓon sayarwa da ƙanƙara suna nan a wurinsu. Na kuma tara yaran gida na gaya musu wannan albasa guba ce, kada wanda ya kuskura ya kai ta madafa, wanda ya taɓa ta kuma ya wanke hannu, don tana sa wa wasu ƙaiƙayi a yatsu. Mutanen Holan sun ci ta a yunwar da aka yi musu a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, cikin sanyin 1944 zuwa 1945, amma wannan ci ne na wanda ba shi da zaɓi.

20 ga Oktoba

Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke kusan yini biyu a unguwarmu. Da firigo ya haura digiri 14 na sayo ƙanƙara a wata unguwa, na jera a kula, na ɗora buhunan a kan katako don kada su taɓa ruwa. Duk da haka laima ta shiga. Daminar bana ba ta wasa ba ce, ita ce ta kayar da tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, kuma har yanzu bangon ɗakunanmu bai gama bushewa ba. Humilis uku sun yi laushi, shuɗin fumfuna ya rufe gindinsu. Na zubar da su a masai don kada akuya ta samu. Sauran na shanya su a inuwa rabin sa'a, na canza musu takarda. Saura 30 a firigo, 6 a ƙarƙashin gado.

17 ga Nuwamba

Na je Mirya sayen tukwane. Na zaɓi na ƙasa marasa shafe, masu zufa kamar randa, manya shida da matsakaita shida waɗanda za su shige cikin manyan. Na sa maginiyar ta huda mini gindin ƙananan. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya biya kuɗi a ɓata masa tukunya ba.

Daga nan na biya lambun wani dattijo da muka saba, wanda ya fi shekara arba'in yana noman rani. Na yi masa bayani ina tsammanin zai yi mini dariya. Sai ya ce, "Malam, ai wannan ba sabon abu ba ne. Mu ma in muna son irin albasa, kan da ya kwana muke mayarwa ƙasa da sanyi, sanyin ne ke fito da zangarniya. Taka dai ta fi tamu kwaɗayin sanyi." Na ce, "Baba, ka taƙaita mini littafi guda." Ya ƙara da cewa ga albasar kwaɗi nan a fadama, ita ruwan farko take jira ta yi farin furenta, ba ta tambayar kowa firigo. Na gane inda ya dosa. Na yi kamar ban gane ba.

14 ga Disamba

Mako 12 cif. Da son samu ne in ƙara musu biyu, musamman tarda da humilis, amma lissafi bai ba ni ba. Sanyinmu na gaske daga tsakiyar Disamba ne zuwa farkon Fabrairu. In na jira ƙarshen wata, furen zai faɗo cikin zafi. Gara a rage a firigo a samu a waje.

Ƙasar da na haɗa: kashi biyu yashi mai tsakuwa, kashi ɗaya jar ƙasar lambu, kashi ɗaya takin da ya shekara ya zama baƙi ƙirin ba wari. Ɗanyen taki yana ruɓar da kai, kuma gayyatar gara ne. A gindin kowace tukunya na zuba tsakuwar dutse tsawon yatsa biyu. Dutse dai ba a saye a Damagaram.

Kowace ƙaramar tukunya na zaunar da ita cikin babba, na cika tsakaninsu da yashi, na jiƙa shi sharkaf. Dabarar randa ce: iskar hunturu busasshiya tana shan ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunya, tana tafiya da zafi. Tun jiya na jiƙa su, yau da azahar na soka ma'auni: ƙasar tsakar gida 27, cikin tukunya 18. Da asuba 13. Saiwar tulif ta fi son abin da ya yi ƙasa da haka, amma iyakar abin da zan iya ke nan.

Da sassafe na yi shukar, kafin rana ta fito, daga firigo kai tsaye zuwa ƙasa. Tsini sama, gindi ƙasa, zurfin santimita 10, wato kamar ninki uku na tsawon kan, da tazarar yatsa uku. A bakin ɓawon clusiana akwai wani ɗan gashi kamar auduga, rigar sanyinta ta gado. Wasu har sun fara turo farin baki. Kowane iri da tukunyarsa, na ƙarƙashin gado su ma tukunya biyu. Waɗannan shida sun ɗan yamutse amma da ransu.

Na jera su a arewacin katangar kudu. A wannan watanni rana ta karkata kudu, don haka gindin katangar yana cikin inuwa yawancin yini, sai hasken safe da ke shigowa ta gabas. Ban ruwa da ruwan da ya kwana a randa, da asuba kaɗai.

28 ga Disamba

Hazo kwana huɗu, ko hasumiyar masallacin unguwa ba a gani sosai. Kowa na tari yana tsine wa ƙura, ni kaɗai nake murna a ɓoye, don hazo ya tare rana, tukwane ba su wuce 16 ba. Saxatilis ta fara fitowa, ganye kore shar mai sheƙi kamar an shafa masa mai.

Ruwa ne ke cin kuɗi. Famfonmu sai tsakar dare yake zuwa, in ya zo. Yashin tsakanin tukwane yana shanye kusan bido guda kullum, fiye da abin da tsiron kansa ke sha nesa ba kusa ba. Mai garuwa ya fara tambaya ko baƙi muka yi.

6 ga Janairu, 2025

Duk na firigo sun fito. Clusiana siririya, ganyenta toka-toka kamar na albasa mai lawashi. Na ƙarƙashin gado: saxatilis ta leƙo, clusiana shiru.

Abin da nake ƙirgawa yanzu ganye ne. Kan da ya fito da faffaɗan ganye ɗaya tal ba zai yi fure bana ba, sai mai biyu ko fiye. Saxatilis bakwai, biyar ganye ɗaya ne. Raina ya ɗan sosu.

19 ga Janairu

Ɓera. Ya haƙa tukunya biyu cikin dare, ya tafi da humilis biyu da clusiana ɗaya, ya bar mini ɓawo. Gubar da ke hana mutum ba ta dame shi ba. Na rufe kowace tukunya da ragar waya ta akurkin kaji, na ɗaura da igiya. Da tun ranar shuka na yi.

28 ga Janairu

Fure na farko: humilis. Ja mai ratsin shuni, kamar ruwan zoɓon da aka sirka, amma a kan ƙasa ya buɗe, ba wuya ko na santimita biyu. Wannan alamar sanyi bai ishe ta ba, don sanyin ne ke sa kara ya miƙe. Kuran ɗin Oktoba da makonnin da na rage, ga sakamakonsu. Jikata ta durƙusa tana leƙe, ta ce, "Kaka, furen ya faɗi ne?" Na ce a'a, bai tashi ba ne.

3 ga Fabrairu

Yau ce ranar da na yi wa wannan wahalar duka.

Tun shekaranjiya clusiana ta ɗaga toho uku a kan kara siriri mai tsawon taƙi guda. Da asuba na fito da fitila, suna tsuke, dogaye masu tsini, ja da fari a jere kamar alewar yara. Na dawo daga masallaci, na sha koko, suna nan yadda suke. Wajen ƙarfe tara da rabi, da rana ta haye katangar gabas ta sauka a kansu, sai suka fara saki. Cikin rabin sa'a kowanne ya baje ya zama tauraro mai kusurwa shida, cikinsa fari fat, tsakiyarsa shuni mai duhu kamar an ɗiga baba. Jan nan duk yana baya, sai ka sunkuya za ka gan shi. Ɗumi ne ke buɗe su, sanyi ya rufe su, shi ya sa da la'asar sakaliya suka sake tsukewa kamar ba su taɓa buɗewa ba.

Uwargida ta kira maƙwabta. Liman ma ya shigo, ya tambayi sunan abin. Na gaya masa asalin kalmar tulif daga sunan rawani ne a bakin Turkawa, su ma daga Farisanci suka aro, don Turawan da suka fara ganin furen a daular Usmaniyya sun haɗa shi da naɗin da ke kan mutanen. Ya shafa nasa rawanin ya ce ashe ɗan'uwa ne. Turkawa kansu lale suke ce masa, ba lallen ƙunshi ba, kuma sun so shi har ana kiran wani yanki na mulkin Sarki Ahmad na uku, daga 1718 zuwa 1730, zamanin lale. Ita wannan da ke gabanmu sunan wani masanin tsirrai ta ci, Kulusiyus, wanda ya koma birnin Laidin na Holan a 1593 ya shuka tulif a lambun jami'ar garin. Ba a yi shekara hamsin ba mutanen ƙasar suka haukace a kan cinikin kawunan, ana sayen wasu da kuɗin gida, har kasuwar ta rushe a Fabrairun 1637. Liman ya ce to Allah Ya sa nawa haukan ya tsaya a tukunya shida.

Da rana na soka ma'auni a inuwa: 31. Na rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gabansu daga ƙarfe goma sha ɗaya.

16 ga Fabrairu

An gama. Ga yadda aka tashi.

Clusiana ta firigo, shida da ɓera ya bari, biyar sun yi fure, kowanne ya yi kwana huɗu zuwa biyar. A ƙasa mai sanyi da sun fi haka daɗewa. Humilis uku cikin biyar, duk a ƙasa, kwana biyu suka ƙone. Saxatilis ɗaya tak, ruwan hoda mai haske da gwaiduwa a tsakiya, kyakkyawa ƙwarai, sauran sai ganye kamar gonar alayyafo. Tarda ce ta fi ba ni haushi. Kowace ta fito da toho uku ko huɗu, na riga na gama yi wa mutane alkawarin taurari masu ruwan ɗorawa da farin baki, sai tohon suka tsaya, suka yi fari, suka bushe kamar takardar sigari. Biyu ne suka buɗe rabi. Zafin ƙasa ne ya dafa su tun suna ciki. Ba zan sake sayen ta ba, ita da humilis. Ƴan tsauni ne, ba su da abin yi a nan.

Na ƙarƙashin gado ba wanda ya yi fure. Clusiana ta fito a makare da ganye kamar zare, saxatilis ta yi ganye lafiya lau ta tsaya nan.

Na tsinke kan duk furen da ya zube don kada ƙarfi ya tafi wajen yin iri. Ganye kuwa ko ɗaya ban taɓa ba. Na barbaɗa ɗan takin zamani, abin da yatsa uku za su ɗauka a kowace tukunya, da ɗan toka.

Maƙwabta suna ta yi mini barka, ni kuwa na san furen da suka gani da cikinsa ya zo, kamar yadda uwargida ta faɗa. Manomin Holan ne ya yi shi, ni unguwarzoma ce kawai. Nawa aikin yanzu ya fara. Tsohon kan da na shuka ya riga ya ƙare, tsiron ya cinye shi, sabo ne ke ginuwa a gefensa daga abin da ganye ke tarawa. Ganyen na bukatar kamar mako shida yana kore bayan fure. In ya samu, sabon kan zai yi girman da zai ɗauki ciki. In zafi ya kashe shi da wuri, sai ƴan ƙanana.

9 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ya kama. Jiya 38 a inuwa. Na mayar da tukwanen cikin zaure inda iska ke ratsawa, ina jiƙa yashi sau biyu, bayan sahur da bayan la'asar. Ɗaukar bido da ƙishirwa a wuya don a shayar da abin da ba a ci, na san yadda ake kallona.

Tarda da humilis sun bushe tun makon jiya. Clusiana ta fara rawaya daga baki, mako huɗu da ƴan kwanaki bayan furenta. Saxatilis ce kaɗai ke kore.

20 ga Maris

Duk sun kwanta. Na daina ban ruwa.

12 ga Afrilu

Na juye tukwanen a kan tabarma, na tankaɗe ƙasar da rariya. Humilis ba komai sai ɓawo. Tarda ƴan ƙwayoyi kamar wake, ba su da amfani, amma jikata ta roƙa na bar mata su a gwangwani bisa sharaɗin ba za ta kai baki ba.

Clusiana shida sun zama goma sha ɗaya. Da na ji adadin na yi murna, da na jera su kusa da goron da na auna na farko da shi sai murnar ta ragu: huɗu ne suka kusa girman iyayensu, sauran ƙanana. Biyu na same su can ƙasa cikin tsakuwa, sun tura wata jijiya sun gina sabon kai a gindin tukunya. Halinsu ne, suna nitsewa neman wurin da ya fi sanyi. Badi zan shuka su da zurfi, a tukunya mai tsawo. Saxatilis ta bazu ta gefe, har da ɗaya manne da bangon tukunya, goma sha huɗu na ƙirga a ta firigo, uku manya sosai.

Matsalar da ke gabana ajiya ce. Sabon fure yana ƙeruwa a cikin kai ne a ɗumi matsakaici, wajen digiri 20, a busasshen wuri. Ɗakinmu yanzu 36 ne da dare. Firigo kuma ya yi sanyi da yawa ga wannan matakin, in na sa su yanzu cikin ba zai shiga ba. Na zuba su a busasshen yashi cikin ƙaramar tukunya, na rufe bakinta da raga, na zaunar da ita cikin tsohuwar randa mai jiƙaƙƙen yashi a kusurwar ɗakin soro na mahaifiyata, wanda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Ma'auni ya nuna 26 da rana.

A farkon Satumba zan tsaga clusiana ɗaya daga cikin manyan huɗun da reza, in duba. In akwai ƙwayar shinkafar nan a tsakiya, sauran za su shiga firigo ranar 1 ga wata, su yi mako 14 cikakku. Na riga na gaya wa uwargida, ta ce a wannan karon ita za ta riƙe tabarau.